Wawuda da Ruwan Maƙabartar Soja

Duk wanda ya zauna a Marenyi zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a tasharmu ya san Wawuda, ko da bai san ainihin sunanta ba. Mama Mshai muke ce mata, da sunan 'yarta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta kamar na maƙeri, bakin zanenta kuma kullum a ƙulle yake, makullin maƙabartar soja na ciki. Rumfar shayina tana fuskantar ƙofar maƙabartar, titi ne kawai tsakaninmu. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a idona aka yi shi.

Daga kan tsauni aka auro ta. Mijinta, Mwanyumba, shi ne mai kula da wurin. Kaburbura ne sittin da 'yan kai, na sojojin Ingila da na Afirka ta Kudu waɗanda suka mutu a yaƙinsu da Jamus tun zamanin kakanninmu. Kowanne da farin dutse a kansa, an jera su cikin ciyawa, an zagaye da katanga. Wani ofis a Nairobi ke biyan albashi. Ofishin ne ya haƙa rijiyar burtsatse a ciki, ya sa inji, ya kafa babban tanki a kusurwar da ke kusa da titi.

Da tarin fuka ya kwantar da Mwanyumba, Wawuda ta karɓi aikin a ɓoye don kada a sallame shi. Ta koyi tada inji, ta koyi wasa almakashi, ta koyi wanke duwatsu da buroshi. Wata rana jami'in ofis mai zagaye, Mista Wekesa, ya iso ba sanarwa, ya tarar da ita a durƙushe tana gyara gefen ciyawa.

"Wa ke aikin nan yanzu?" in ji shi.

"Mijina."

"Mijinki da na baro a gida ko kofi ba ya iya riƙewa?"

Ta ci gaba da yanka. Ya zagaya wurin, ya dawo ya tsaya a kanta.

"To, ki ce ina gaishe shi. Tun da ya kwanta aikinsa ya ƙara kyau."

Bayan Mwanyumba ya rasu aka bar mata makullin. Ba ta iya karanta abin da ke jikin duwatsun ba. Mshai ce, da ta yi nisa a makaranta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karanta mata shekarunsu: wannan sha tara, wancan ashirin da biyu. Daga ranar ta koma ce musu "yaran nan". In na kira ta shan shayi sai ta ɗago kai ta ce, "Bari in gama da yaran nan tukuna." Baƙi ba su cika zuwa ba. A shekara a samu Bature ɗaya ko biyu ya sauka daga mota, ya tsaya shiru gaban wani dutse, ya ɗauki hoto ya tafi. Ita dai ko da baƙo ko babu, gari na wayewa za ka ji ƙarar injinta.

Sai shekarar fari ta zo, shekarar da aka raba mana masara mai ruwan ɗorawa. Ruwan farkon shekara bai sauka ba. Famfon gari ya ƙafe, mata suka koma tonon yashi a busasshen rafi, a wuni guda ba a cika jarka biyu ba. Ƙasa ta yi ja fes daga tasha har gindin tsauni. A duk garin wuri ɗaya ne ya rage kore, shi ne cikin katangar Wawuda. Fasinjojin jirgi har leƙowa suke ta taga suna nunawa.

Ba ta jira an roƙe ta ba. Ta daina shayar da layukan baya, ta zura tiyo ta kan katangar baya, da rana tsaka mata su zo su cika jarkokinsu. Ni ma da ruwan nake dafa shayi. Haka aka yi ta yi har watan goma, lokacin da Mista Wekesa ya zo zagaye. Na kai musu shayi, na same su tsaye a layin baya inda ciyawa ta koma kamar tabarma.

"Mama, na ga tiyon," in ji shi. "Ban makance ba, na kuma ga abin da na wuto a hanya. Amma taron tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, na watan gobe, a nan za a yi shi bana. Mutanen ofishin jakadanci za su zo, da sojoji, da wata tsohuwa daga Ingila da mahaifinta ke kwance a nan. Tana cikin mahaifiyarta ya taho yaƙi, ba ta taɓa ganinsa ba."

"To, ta zo mana. Dutsensa a wanke yake."

"Ba dutse kaɗai za su duba ba. Kuma kin ji yadda injin ke tari? Ya fara jawo laka. Rijiyar nan ba za ta ɗauki gari ta ɗauki ciyawa ba. Ki janye tiyon har a yi taro. In suka zo suka ga wurin nan a bushe, ni da ke duk mun tafi."

Ta kurɓe ragowar shayinta ta miƙo mini kofin. Washegari tiyon bai haura katanga ba.

Garin ya juya mata baya nan take. A kasuwa ta yi gaisuwa a yi kamar ba a ji ba. A coci bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai, mata suka matse a wasu bencina. Yara suka fara binta da waƙa, wai uwar gawawwaki. Ciniki ya ja baya har a rumfata, don an san tana zama a wurina. Wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar an jefo mushen maraƙi ta kan katanga, ya faɗa tsakiyar layin gaba. Ita kaɗai ta ja shi da igiya ta fitar, ta dawo ta wanke wurin. Ta kulle ƙofa, ta ƙulle makullin a zane.

Ana saura 'yan kwanaki taro, Kilambo ya zo gidanta da la'asar. Ƙanen mijinta ne, makiyayi, mutum mai ƙarancin magana. Fiye da rabin shanunsa sun riga sun mutu. Ina can ina taya ta tankaɗen garin masara. Ya zauna a kan dutsen bakin ƙofa, ya ƙi karɓar kujera.

"Shemeji," in ji shi, kamar yadda ɗan'uwan miji da matar ɗan'uwa ke kiran juna, "roƙo na zo yi, ba faɗa ba. Ki bar shanuna su sha ruwa sau ɗaya kawai. In suka sha sau ɗaya zan iya kora su har gindin tsauni."

"Bari taron nan ya wuce, shemeji. Lahadi ne. Litinin da sassafe ka kawo su."

"Litinin fatu zan kawo miki."

Ta ci gaba da tankaɗe.

"Kakanmu Mwakio," ya ci gaba, "kama shi sojojin nan suka yi ya ɗauko musu akwatunan harsashi. Ya faɗi a hanyar Taveta, aka tsallake shi aka wuce. Ina dutsensa? Wa ke shayar masa da ciyawa?"

"Ban sani ba. Da na san inda yake da na je na share."

"Ke dai albashinki kike gadi."

"Da shi 'yar yayanka ke karatu."

Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya tafi bai taɓa shayin da na zuba masa ba.

Ran Lahadi tun da safe ta cika tanki, ta jiƙa ciyawa, ta jera kujerun da aka aro daga makaranta, sannan ta fito ta kulle ƙofa ta tsaya a waje cikin sabon zane. Cif, wato hakimin yankinmu, ya turo 'yan sanda biyu. Babbansu wani kofur ne baƙo, ba a daɗe da kawo shi garinmu ba, bai san kowa ba.

Hantsi na ɗagawa na hango ƙura ta fuskar rafi. Kilambo ne a gaba, shanunsa na biye, haƙarƙarinsu a waje, suna tafe suna tangaɗi. Bayansa wasu makiyaya ne da nasu shanun, bayansu kuma mata da jarkoki. Ƙarar kofato kawai kake ji da ƙwanƙwasar jarkoki. Da iska ta kaɗo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ciyawa, shanun suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka fara kuka, suka ƙara sauri. Kafin in sauke tukunya titin ya cika.

Kofur ya tare gaba. "Ku janye dabbobin nan. Manyan baƙi na hanya."

"Faɗa musu da kanka, Kofur," in ji Kilambo. "Wataƙila su ji maganarka. Ni sun daina jin tawa."

Wani ya yi dariya a baya, dariyar ba ta yi nisa ba. Shanun suka matso ƙofar ƙarfen suna cusa hanci tsakanin sanduna, ƙofar ta fara lanƙwasa ciki. Wawuda ta jingina bayanta da ginshiƙi, ƙaho na gilmawa ta gefen fuskarta. Kilambo ya ratso ya tsaya gabanta. Akwai adda a hannunsa. Makiyayi ba ya rabuwa da adda, kowa a garin ya san haka, amma Kofur bai sani ba.

"Ba ni makullin, shemeji."

"Ba zan ba ka ba."

"Ba ni, in buɗe da hannuna. Sai ki ce ƙwace miki na yi."

Na ji ƙarar ƙarfe. Kofur ya sauke bindiga daga kafaɗa ya ɗana ta, ya saita ƙirjin Kilambo. Gumi na bin wuyan Kofur. Abokin aikinsa ya ja da baya ya manne da katanga. Matan da ke gaba suka saki jarkoki suka duƙa.

"Ajiye addar nan," in ji Kofur. "In ka ƙara taku ɗaya, ka ja wa kanka."

Kilambo bai ajiye ba, bai kuma matsa ba. Sauran makiyayan suka fara zagayowa a hankali ta bayan Kofur, kowanne da sandarsa. Na san in yatsan nan ya motsa, ba gawa ɗaya za a ɗauka a titin ba.

"Kofur, ɗana," in ji Wawuda, muryarta a ƙasa, "kawar da bakin bindigar nan. Waɗanda aka harbe da ke cikin nan sun ishe ni."

Bai kawar ba. Ta kai hannu bakin zanenta ta kwance ƙullin. Kowa ya zuba mata ido. Ta ciro makullin, ta jefa shi cikin rigarta, sannan ta ɗaga murya ta kira ni.

"Mama Ndela, kawo mini babbar sifanar nan da ke ƙarƙashin bencinki."

A rumfata take ajiye kayan gyaran inji tun da aka taɓa sace mata wasu. Na ɗauko ta na tsallaka titin. Na miƙa mata ta kan bayan wata saniya. Ta karɓa, ta bi jikin katanga tana ture shanu da kafaɗa har kusurwar tanki. A nan akwai bututun da ake zubar da ruwa in za a wanke tankin. Ya ratsa ƙarƙashin katanga ya fito cikin lambatun gefen titi, an toshe bakinsa da marfin ƙarfe. Ta sauka cikin lambatun ta sa sifana.

Marfin ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Ta danna da hannu biyu, ya ƙi. Ta taka da ƙafa. Can bakin ƙofa Kofur da Kilambo na nan yadda ta bar su, ba wanda ya ƙifta. Ta ɗauki dutse ta bugi sifanar, ta sake bugawa, ta sake. Sai marfin ya juya, ruwa ya yi tsartuwa ya buge ta a ƙirji.

Ba ta yi lissafin yadda za ta fito ba. Shanun suka juyo gaba ɗaya suka afka lambatun. Na ga kanta, na ga hannunta ɗaya a sama, daga nan ban ƙara ganin komai ba sai bayan shanu. Kilambo ya yar da adda ya ruga. Kofur, ganin mutum ya zabura, ya saki harsashi, Allah ya sa bakin bindigar ya riga ya yi sama. Ƙarar ta firgita wani bijimi, ya yi kan ƙofar da ta riga ta lanƙwashe, ya ɓalle ta, shanu biyar ko shida suka bi shi ciki.

Kilambo ya faɗa cikin lambatun yana dukan shanunsa da hannu a hanci, yana kiran sunayensu yana zaginsu. Ya kamo Wawuda ta hammata ya jawo ta waje. Muka ɗauke ta muka kwantar a bencina. Laka ta rufe ta tun daga kai, ƙafarta ta hagu ta juya waje yadda ƙafa ba ta juyawa. Ba ta yi kuka ba, haƙora kawai ta cije.

A haka motocin suka iso. Titi ya zama taɓo, mata na tare ruwa da jarkoki da kwanoni, makiyaya na korar shanu daga kan kaburbura, kujeru a warwatse. Wata saniya da ta sha ta ƙoshi ta kwanta a gaban motar farko, ba ta sake tashi ba. Mista Wekesa ya fito cikin baƙin kwat, ya tsaya ya dubi ko'ina, sannan ya tako zuwa rumfata.

"Mama, me kika yi mini?"

"Bututu na buɗe," in ji ta. "Ƙofa ban buɗe ba." Ta lalubo makullin a cikin riga ta miƙa masa. "Akwai dutsen da ya fashe?"

Ya je ya dubo. "Ɗaya, a layin baya. Mai hoton barewa, na kusa da bishiya. Ya rabe biyu."

A nan ne ta fashe da kuka.

An yi taron duk da haka, a gajarce. Aka tada kujerun da suka rage, limamin coci ya yi addu'a, wani soja ya busa begila, aka yi shirun tunawa da matattu irin nasu, shanu na ta kuka a bayan katanga. Tsohuwar Baturiyar ta taka cikin laka da takalmanta masu kyau, ta ajiye jajayen furanni na takarda a gaban wani dutse a layi na biyu, ta durƙusa ta daɗe, sai da aka kama ta ta miƙe. Da za ta shiga mota ta tsaya ta kallo rumfata, ta yi wa Mista Wekesa magana, ya ba ta amsa. Fuskarta ba ta nuna mini komai ba. Daga baya Wawuda ta tambaye shi abin da ta ce.

"Tambaya ta yi ko ke ce mai kula da wurin. Na ce ke ce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

A motarsa aka kai ta asibitin Voi. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Tana kwance can cif ya karɓi injin, aka yi ta jan ruwa wa gari har rijiyar ta koma ba da laka zalla. Ciyawa ta mutu ƙurmus. Ruwan sama bai sauka ba sai gab da Kirsimeti. Kilambo ya kai shanunsa gindin tsauni, amma kaɗan ne suka ga sabuwar ciyawa.

Ofis ya dakatar da ita wata da watanni. Mista Wekesa ya yi ta kai da kawo, ban san abin da ya faɗa musu ba. A ƙarshe suka turo ma'aikata suka kwashe matacciyar ciyawar, suka zuba tsakuwa, suka kawo sabon dutse daga Nairobi a madadin wanda ya fashe. Rijiyar kuma da ta farfaɗo aka fito da famfonta wajen katanga, aka bar wa gari. Aka mayar wa Wawuda aikinta. Ta dawo da sanda, tana jan ƙafa. Tsakuwar ba ta taɓa kwanta mata a rai ba. Takan ce wurin ya koma kamar harabar tasha, kuma yaran nan suna shan zafi.

Waɗanda suka daina gaishe ta suka dawo suna gaisuwa kamar ba a yi komai ba. Tana amsawa, amma a coci ta koma zama can baya kusa da ƙofa, ba ta sake matsowa gaba ba. Kilambo bai taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ba shi ba. Da shanunsa suka fara haihuwa sai ya riƙa aiko mata da goran madara. Ta juye, ta wanke goran, ta mayar. In sun haɗu a hanya su tambayi lafiyar juna, kowa ya wuce.

Ta ƙara shekara goma sha wani abu a aikin kafin ƙugun ya hana ta sunkuyo. Mshai, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya a Mombasa, ta zo ta tafi da ita. Na je na duba ta sau ɗaya. Ta rame, tana zaune a baranda tana fifita da murfin kwali, tana ƙorafin zafin garin da gishirin ruwansu. Ta sa na zauna na lissafa mata duk wanda ya mutu da wanda ya yi aure a Marenyi, ta kuma yi mini faɗa wai na tsufa ban daina cika sukari a shayi ba.

A cikin damina Wawuda ta rasu. Aka kawo ta gida kan tsauni, gonar mahaifinta. Hanya ta lalace, mota ta tsaya a rabi, sai a kafaɗa aka ƙarasa da ita. Na bi su a hankali, ina hutawa a kan duwatsu, na isa ana cikin waƙar ƙarshe.